Yadda Muka Kai Miksa Kwatano Saboda Muryar Baffa Maude

Tun da muka dawo daga Kwatano ta ƙasar Benin ban sha shayi da kwanciyar hankali ba. Da zarar na zauna a benci bayan la'asar sai wani ya matso: "Alhaji, wai da gaske ne a can mace ce ke gyaran kayan sauti?" Kafin in amsa wani ya ce, "Bar wannan, faɗa mana abin da Ndagi ya yi." Na ba da labarin nan har na gaji, kuma na lura duk lokacin da na sake ba da shi laifin Ndagi ƙaruwa yake yi, nawa yana raguwa. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, har da nawa rabon, kowa ya karanta ya bar ni da kofina.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sule, hayar lasifika ce sana'ata a Kontagora shekara arba'in da 'yan kai. Biki, wa'azi, walimar sauka, taron makaranta, duk inda ake so murya ta kai nesa. Kafin in zauna wuri ɗaya na yi yawo. Na bi mahaifina fataucin goro Kumasi, na yi zaman Garwa da Maraɗi, na taɓa kaiwa har Sudan. A hanya kunnena ya tsinci Fulatanci da Yarabanci da Larabci, da Faransancin da zai isa mutum ya sayi abinci ya yi faɗa da direba. Ndagi kuwa abokin aikina ne na shekara talatin. Banufe ne, ni kuma kakannina Katsinawa, don haka tsokanar juna gadonta muka yi, ba mu muka fara ba.

Dalilin tafiyar Baffa Maude ne, wani dattijon makiyayi a wajen Bobi. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, makiyaya da manoman ƙauyukansu sukan zauna a gindin wata tsamiya su sake tabbatar da burtali da mashaya: nan shanu za su bi, nan ba za su taka ba. Baffa Maude ne ke faɗar iyakokin da bakinsa, don shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka shata su, kuma ba ɓangaren da ya taɓa kama shi da son kai. To, shekara biyu da suka wuce aka yi masa aiki a maƙogwaro. Ya warke, amma muryar ba ta dawo ba sai raɗa.

Bara ni na kai kayan sauti wajen taron. In na ƙara masa ƙarfi lasifika ta fasa kuka, irin ƙarar nan mai tsini da ke sa a toshe kunne. In na rage, ba mai jin sa. Ƙarshe aka sa wani ya riƙa maimaita abin da ya faɗa. Nan manoma suka ce mai maimaitawar ya turo burtali cikin gonakinsu, makiyaya suka ce a'a, rage musu ya yi. Aka watse ba a shafa fatiha ba, kuma daminar bara ba ta yi wa kowa daɗi a wajen ba. Da zan tafi Baffa Maude ya kama hannun rigata, ya sa baki a kunnena ya ce, "Sule, baɗi ina so su ji ni da kaina." Na ce in Allah ya kai mu za su ji.

Wannan alkawari ne ya sa na ajiye tsohuwar miksata na sayi ta zamani. Miksa ita ce teburin nan mai maɓallai da mai lasifika ke zama a gabansa. Kowane makirufo cikinta yake shiga kafin sauti ya fita. Tsohuwar da hannu ake murɗa komai, gobe a sake daga farko. Sabuwar tana da allo irin na waya da manhaja a ciki, kuma tana riƙe saiti: ka daidaita muryar mutum ka sa sunansa, ko bayan wata shida ka danna ta dawo maka da shi. Cikin 'yan watanni na tara rabin masu maganar garinmu a cikinta. Akwai Liman, akwai Sanƙira, akwai Hedimasta, akwai wata mai gabatar da biki da na sa wa suna Aradu. Na je har rugar Baffa Maude na yi kwana biyu ina gyara tasa. A cikin bukka ta yi kyau. Da muka fita fili na ƙara ƙarfi, kukan ya dawo.

Sai aka gaya mini akwai wata ƙaramar manhaja da ake ɗora wa irin wannan miksa, aikinta ta kama kukan tun bai yi ƙarfi ba ta danne shi. Amma ba ta hawa sai an sabunta babbar manhajar. Tawa kuwa ta hannu na saya, daga Kwatano aka shigo da ita, kuma rajistarta na nan a shagon da ya fara sayar da ita. Masu gyaran waya na kasuwarmu suka gwada suka kasa. Aka haɗa ni da mai shagon, ta ce in kawo. In faɗi gaskiya ban yi baƙin ciki ba, ƙafata ta daɗe tana ƙaiƙayi. Taron ranar Asabar ne. Muka tashi Alhamis ɗin makon da ya gabace shi, kwana tara ke nan a hannu, shida daga ciki na hanya.

Muka naɗe miksa da bargo biyu muka ɗaure da igiya. A tasha direba ya ce a ɗora ta sama tare da buhunan masara, na ce sai dai a ɗora Ndagi. Ƙarshe ta samu kujerar gaba kusa da ni, Ndagi ya matsu a baya tsakanin wata tsohuwa da kwandon kajinta. Ba mu kai Ibeto ba tsohuwar ta lura da yadda nake tallafe bargon duk lokacin da mota ta faɗa rami.

"Bawan Allah, mara lafiya ne?"

Ndagi ya riga ni amsawa. "Mara lafiya ce, Iya. Ciwon kuka. Asibitin Kwatano za mu kai ta."

"Ayya! Allah ya tashi kafaɗunta. Shekararta nawa?"

Sai da na buɗe gefen bargon ta ga maɓallai. Ta yi salati, ta ɗaka wa Ndagi duka a cinya. Da ta ji sunansa ta ce ai shi ke nan, ashe ita ma Bakatsiniya ce. Har Auna tana miƙo mini gyaɗa ta saman kansa.

Da muka zo wajen madatsar Kainji Ndagi ya ce wa direba ya tsaya. "Ga gidan iyayen wuta nan. Mu shiga mu gaishe su, mu tambaya ko lafiya 'yarsu ba ta zaman aure. Kullum yaji." Mota ta kwashe da dariya.

A nan ya kamata in faɗi wani abu game da shi, don a yi masa adalci nan gaba. Kowa ya san al'adarmu: da an ɗauke wuta sai a ruga a zare kaya daga bango, don ba a san da ƙarfin da za ta dawo ba. Tun yana saurayi Ndagi ya yi asarar amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, har biyu rana ɗaya a haka. Daga ranar hannunsa ya daina jiran izinin kansa. Haske na ƙiftawa, fulogi na hannunsa. Na sha ganin ya tsallake mutum uku a zaune. Hannun nan ya ceci kayana ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, har nakan yi alfahari da shi gaban abokan sana'a.

Muka kwana Kayama a wani masauki da katifarsa ta ga baƙi da yawa kafin mu. Juma'a da hantsi muka isa iyaka a Cikanda. Ɓangarenmu jami'in ya leƙa bargo ya ce, "Baba, da furfurarka kake kiɗa?" Na ce ni ba na kiɗa, masu magana nake taimako. Ya ce mu wuce. A ɓangaren Benin kuwa wani dogo mai gilashi ya sa aka kwance igiya, ya tsaya yana kallon maɓallan, fuska a ɗaure. Ndagi ya raɗa mini, "Shi ke nan, ya ɗauka da ita ake kakkaɓo jirgi." Na tattaro Faransancina na Maraɗi na fara bayani. Mutumin ya ɗaga hannu, ya ja ni gefe, ya rage murya. Ashe shi ne shugaban mawaƙan cocinsu, kuma wata uku ke nan duk Lahadi lasifikarsu na fasa kuka daidai lokacin da matarsa za ta ja baiti. Maganar har ta shiga gida. Na ce ya zana mini inda suke kafa ta. A bayan mawaƙa suka sa ta, tana hura sauti cikin makirufo kai tsaye. Na karɓi biron na matsar da ita gaba. Ya dubi zanen, ya dube ni, ya buga hatimi. Na ƙetare iyaka da goro, na ƙetare da fata, amma ranar na fara ƙetarewa da shawara.

A Nikki muka samu Juma'a. Allah ya yafe mini, rabin hankalina na kan huɗuba, rabi na kan lasifika. An fassara huɗubar da Barganci, yaren da ban sani ba, amma kowane harafi ya fito tas har sahun baya. Sai da muka fito na gane abin da babu: ba su sa eko ba. A wajenmu in ba ka sa wa mai magana amsa-kuwwar nan da ke maimaita kalma sau uku ba, sai a aiko a tambaya ko kayanka sun lalace. Na faɗa wa Ndagi, ya ce, "Ba su da shi ne. Wa zai samu eko ya ƙi sawa?"

A zangon Paraku muka sauka gidan Alhaji Sidi, wanda muka yi goro tare da wansa. Hausarsu ta sha Faransanci ta ƙoshi, amma karɓar baƙo irin tamu ce, ba a tambayi abin da ya kawo mu ba sai da muka wanke hannu. Aka kawo sakwara da miyar gyaɗa da wagashi. Wagashi cukun Fulani ne, ɗan'uwan warar da ake sayarwa a Ilori, sai dai ya fi ta tauri kuma bayansa ja ne. Soya shi suke yi su jefa a miya kamar nama. Ndagi ya yi ta ƙorafin cewa gari ba kifi ba gari ba ne, yana ƙorafin yana ɗauka, har ya ga ƙasan kwano.

Motar Kwatano ta ba ni mamaki. Kowa da lambar kujerarsa, kuma da aka ce ƙarfe bakwai, ƙarfe bakwai ta tashi da kujeru huɗu ba kowa. A tasharmu direban da ya yi haka taruwa za a yi a yi masa addu'a. Ndagi ya sauka sayen burodin nan nasu dogo kamar sanda, wai ai ba ta cika ba. Sai ga shi a madubi yana bin mu da gudu, babbar riga na tashi, burodi biyu a hammata. Direban ya tsaya, agogo kawai ya nuna masa.

Kwatano garin babura ne. 'Yan acaɓansu rawayar riga suke sawa, kuma hular kwano dole ce. Ndagi ya ce shi ba ya tafiya kai ba hula, ya kifa kwanon a kan zannarsa, ta fito kamar an zauna a kanta. Mata kuwa kowace da nata babur, da kaya gaba da baya, suna wuce mu ba ko waiwaye. Lahadi shago a rufe yake, sai muka je kallon teku. Ndagi da ya girma a bakin kogin Kwara ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ruwan nan ba shi da tarbiyya."

Litinin da safe muka kai miksa wajen Madam Odil, mai shagon. Ba ta kai 'yata ta fari shekaru ba. Gajera ce, tabarau rataye a wuya, sukundireba a aljihu. Ni ta kira ni Papa, Ndagi kuma Tonton, wato kawu. Da Faransanci muke magana, Ndagi na tsaye yana bin bakinmu da ido. Ta jona miksa, ta bi sunayen tana dariya, ta ce wata rana sai na kawo mata Aradu ta gani. Da ta zo kan Maude ta danna, ta ɗauki makirufo ta ce, "Alo." Shagon ya amsa: alo, alo, alo.

"Papa, mutum nawa ne Mauden nan?"

"Ɗaya."

"To me ya sa yake magana sau huɗu?"

Na yi mata bayani cewa a wajenmu eko girmamawa ce, babban mutum babbar murya ake ba shi. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce ga mawaƙi ba laifi, amma mai raunin murya kowace kalma tasa sai ta dawo ta rufe ta gaba da ita, kuma abin da ke dawowar nan shi makirufo ke sake haɗiya har a kai ga kuka.

"Kana so a girmama shi, ko kana so a ji shi?"

Na tuna masallacin Nikki.

Yanzu ga nawa laifin, guda biyu. Ta tambaye ni ko na kwafe saitina a filas, ɗan abin nan da ake adana bayanan kwamfuta a ciki, saboda tsaro. Ban kwafe ba, ban ma san ana yi ba. Amma yanzun nan ta gama koya mini sana'ata a gaban Ndagi, sai girman kai ya riga ni buɗe baki. Na ce, "Tuni, Madam. Yana gida." Wannan ɗaya. Da ta fara sabuntawar ta ce in an kai tsakiya allon zai mutu, fankar ciki za ta tsaya kamar minti biyu, haka abin yake, kada kowa ya taɓa komai. Na gyaɗa kai kamar wanda ya saba.

Ndagi ya ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Maganar masana ce, ba ta shafi Nufawa ba."

Aka kira ta a waya ta shiga ciki. Wani koren layi na tafiya a allon a hankali. Ya kai rabi. Ɗif! Allo ya yi baƙi, fanka ta yi shiru.

Ban ga tashinsa ba. Iska dai na ji ta wuce ni, sai ga Ndagi tsaye da fulogi a hannu, yana haki, fuskarsa cike da murna.

"Alhamdu lillahi! Na riga ta!"

"Ndagi."

"Ka ga amfanin tafiya da Banufe?"

"Ndagi, ɗaga kanka."

Ya ɗaga. Fankar silin na juyawa abinta. Ƙwan fitila na ci. Rediyon maƙwabci na waƙa.

Madam Odil ta fito ta gan shi a haka. Ta karɓi fulogin ta mayar, ta danna. Ba komai. Ta sake dannawa, sai wata 'yar jar fitila kawai. Ta zauna ta tambayi dalili. Da na faɗa mata al'adarmu ba ta yi faɗa ba, ta ce mahaifiyarta ma ko hadari ta gani sai ta zare firij. Amma ba ta ɓoye mini ba: tsohuwar manhaja ta goge, sabuwa ba ta gama shiga ba, yanzu miksar ba ta san ko ita wace ce ba. Akwai wani fayil na farfaɗowa da sai masu ƙera ta ke bayarwa, za ta rubuta musu. Ko su amsa gobe, ko mako mai zuwa. In ma ta tashi, duk abin da ke ciki ya tafi.

"Amma wannan ba damuwa, tun da kana da kwafi a gida."

Sai da na kalli ƙasa sannan na faɗa mata gaskiya. Ndagi ya ga fuskata ya ce, "Me ka ce mata?" Wannan karon na fassara masa duka, har da gargaɗin da na haɗiye. Ya ce, "Ashe mu biyu ne."

Ina cikin lissafin cewa in ba mu bar Kwatano Laraba ba mun rasa Asabar, sai na ga tana jawo ƙofa. Sha biyu da rabi ta yi, lokacin abinci, sai ƙarfe uku. Na taɓa ganin haka a Sudan, amma can zafin rana ke korar mutane. A Kontagora in aikin baƙo ya lalace a hannunka a tsaye za ka ci abinci, in ma ka ci. Na ce, "Madam, yanzu?" Ta ce, "Papa, ba za ta ƙara mutuwa ba kafin ƙarfe uku. Je ka ci abinci." Muka je aka kawo mana akasa, irin agidin nan, da barkono da soyayyen kifi babba. Kwana huɗu Ndagi na kukan kifi. Ga kifi, ya kasa kai hannu.

Talata da hantsi ba amsa. Azahar ba amsa. Na riƙa tuna bakin Baffa Maude a kunnena, ina tunanin da wace fuska zan je masa. Bayan uku muna isa muka tarar da ita a bakin ƙofa tana kaɗa filas, fayil ɗin ya iso. Ta ce a fita da Tonton. Ba a buƙaci faɗa ba, ya riga ya ƙetare titi ya zauna ya ba shagon baya. Ta danne maɓalli biyu tare ta kunna. Koren layi ya dawo, ya kai rabi, allo ya mutu. Ban taɓa ganin minti biyu masu tsawon waɗannan ba. Sai fanka ta ce fuu, allo ya kawo haske. Na duba wajen sunaye: ba Liman, ba Hedimasta, ba Aradu, ba Maude.

Ta ɗora manhajar kama kuka, ta ƙara da wata mai ɗago muryar da ta faɗi ta kuma riƙe wadda ta yi tsalle. Sannan ta ce saura murya, ga shi ba mu da Maude. Na ce ina da shi a kunne. Muka fitar da lasifika bakin ƙofa, aka tura Ndagi ƙarshen layi wajen mai facin taya, in ya ji ya ɗaga hannu. Na zauna na duƙar da kai, na shiga raɗa da Fulatanci yadda Baffa Maude ke yi: daga tsamiya zuwa busasshen rafi, daga rafi a bi gabas zuwa mashaya. Tana ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan, ba eko ko ɗis. Kukan ya taso, ƙiii, sai ya yanke kamar an rufe masa baki. Ndagi ya ɗaga hannu biyu. Ban yarda da shi ba, mai laifi ko atishawa na yi zai ɗaga.

Sai wata Bafillatana mai tallan wagashi, can bayan Ndagi, ta tsaya tsakiyar titi ta waiga hagu da dama. Ta ɗaga murya da Fulatanci: "Wane ne ke rabon burtali a tsakiyar Kwatano? In mashaya na gabas, shanun yamma ina za su sha?"

Da na fassara wa Madam Odil sai da ta riƙe ƙofa don dariya. Kafin mu tafi ta sa na kwafe saitin da hannuna sau uku har na iya. Filas ɗaya na aljihuna, ɗaya ta rataya wa Ndagi a wuya. Ta kuma naɗe fulogin da jan salatif, ta nuna masa, ta girgiza yatsa. Wannan bai buƙaci fassara ba.

Dawowa ba mu tsaya ko'ina ba sai don kwana da salla. A Cikanda dogon jami'in nan ya hango mu ya ƙame ya sara. Lahadin da ta wuce lasifika ba ta yi kuka ba, matarsa ta ja baitinta har ƙarshe, gida ya yi lafiya. Ya cusa mana abarba biyu. Juma'a da yamma muka shiga Kontagora.

Asabar da hantsi muna gindin tsamiya. Mutane sun fi na bara, manoma gefe, makiyaya gefe, da fili a tsakani wanda ba mai son takawa. Ina gwada makirufo mai shirya taron ya zo.

"Alhaji, ina eko? Taron manya ne fa."

"Yau babu."

"Ya lalace ne?"

"Kwatano na kai shi na baro."

Aka kawo Baffa Maude aka zaunar. Na danna sunansa. Muryarsa ta gaske ta fi kwaikwayona siranta, na ɗan gyara da hannu. Ya yi sallama. Raɗa ce ta fito, amma raɗar da ta cika fili. Na can baya, kusa da shanu, suka riga na gaba amsawa. Ya dakata ya dubi lasifikar, sannan ya gyara zama ya fara. Daga tsamiya zuwa rafi, daga rafi zuwa tsohuwar rijiya, dutse bayan dutse, da Hausa sannan da Fulatanci. Ba mai maimaitawa. Wani dattijon Bakambare daga cikin manoma, wanda ya fi kowa zafi bara, ya miƙe ya tambayi wajen wata kuka da ke bakin gonarsa. Baffa Maude ya ce kukar ta manoma ce, inuwarta ta yamma nan burtali ya fara. Dattijon ya ce, "Haka babana ya faɗa mini. Na ji da kunnena." Ya zauna.

Ana cikin haka allon miksa ya dushe da kansa, abin da takan yi in an daɗe ba a taɓa ta ba. Madam Odil ta gaya mini, kuma wannan karon na fassara. Duk da haka na waiwaya. Ndagi na zaune a kan tafukan hannunsa biyu, ido a rufe, gumi na zuba, leɓe na motsi.

Aka shafa fatiha. Filin nan na tsakiya ya cika da masu musabaha. Baffa Maude ya yafito ni, ya kama hannun rigata zai kai baki kunnena yadda ya saba, sai ya fasa. Ya jawo makirufo ya ce, kowa na ji, "Sule, shekara biyu ban ji muryata ba sai yau."

Na koma na kashe miksa na fara naɗe waya. Ndagi ya matso ya tsaya kan fulogin nan mai jan salatif, hannu a baya.

"Alhaji, in zare?"

Shekara talatin muna tare, ranar ya fara tambaya.